Jan sida ko farin sida: wanne ya fi riƙe bangon waje?

Kafinta_Moncton
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ga wani aiki ina neman shawararku. Gida ne mai hawa ɗaya a gaɓar New Brunswick ta gabashin Kanada, tsakaninsa da ruwan teku bai kai kilomita ɗaya ba. Za a ɓamɓare tsohuwar robar da aka lulluɓe bangon waje da ita a mayar da katako. Bangon duka, in an cire ƙofofi da tagogi, murabba'in ƙafa 1,800 ne, tsayinsa ƙafa 9. Mai gidan ya kafe a kan jan sida (sida shi ne katakon da Turawa ke kira cedar) na British Columbia da ke yammacin Kanada, wai shi ne na asali, farin kuwa na wanda kuɗinsa bai kai ba ne. Ni a ganina farin da ake yankowa a Quebec da nan New Brunswick ya isa, har ma ya fi dacewa da wurin. Ba ya son fenti, launin toka irin na gidajen bakin teku yake so. Wanne za ku sa, kuma don me?

Baba_Kafinta
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga gardamar ja da fari, faɗa mana: shingil za ka jera, wato ƙananan fale-falen katako masu kaurin gindi da ake jerawa layi bisa layi, ko dogon falanki? In falanki ne mai gangara wanda ake kwantarwa ɗaya bisa ɗaya, magana ta kusa ƙarewa, jan ne. Bishiyar farin sida ƙarama ce, da yawa cikinta rami ne tun tana tsaye, ba za ta ba ka dogon falanki marar gurbin reshe ba. Abin da za ka samu gajeru ne masu ƙulli. In shingil ne, to a nan ne akwai abin tattaunawa.

Kafinta_Moncton
Shingil ne, Baba.

Gwani_BC
To ko a shingil ɗin mai gidan bai yi kuskure ba, Malam. Jan sida, wato Thuja plicata, bishiya ce da ke wuce mita 50, gindinta mutum uku ba su rungume shi. Girman nan shi ne asirin. Da gungume mai faɗi haka ana iya yanka shingil ta yadda zoben shekarun itacen zai tsaya a tsaye a gindin shingil ɗin, abin da muke kira yankan tsaye. Shingil lamba 1 mai shuɗin tambari, bisa ƙa'idar Cedar Shake and Shingle Bureau, ƙungiyar masu yin shingil da ke tsara darajojinsa, dole ya cika abu uku: duka zuciyar itace, duka yankan tsaye, babu ƙulli ko ɗaya. Irin wannan yana kwanciya a bango ya yi lamo, ba ya lanƙwashewa, ba ya tsagewa da wuri. Tsayinsa iri uku ne, inci 16, 18 da 24. Farin sida kusan duk inci 16 ne, kuma mafi yawansa yankan kwance ne, wato zoben ya kwanta a gindin, domin gungumen bai kai a zaɓa ba. Yankan kwance shi ne ke ɗaga baki in rana ta buga gabansa alhali bayansa na jiƙe.

Dan_Damagaram_Quebec
Gwani ya faɗi gaskiya a kan yanka, amma bai faɗi inda farin ya yi sarauta ba. Ku je Cape Cod da Nantucket da gaɓar Maine a Amurka da ƙauyukan masunta na Nova Scotia a Kanada ku ga abin da ke jikin gidaje. Launin tokan da mai gidan nan ke so, na farin sida ne. Jan in ka bar shi ba shafi a wuri mai danshi, ba toka yake komawa bai ɗaya ba; wani wuri ya yi ruwan ƙasa, wani ya yi baƙi, ƙarƙashin taga ya yi zane-zane. Ruwan da ke cikinsa mai launi ya fi na farin yawa nesa ba kusa ba.

Sannan a kula da tambari, mutane na ruɗewa. Farin sida ma yana da shuɗin tambari, shi ne daraja A, amma ma'anarsa kawai babu aibi a jikinsa, ba wai yankan tsaye ba ne. Daraja B mai jan tambari, gurbin reshen yana sama inda layin gaba zai rufe shi. Daraja C mai baƙin tambari, ƙulli na fitowa a fuskar da ake gani, ya dace da rumfa ko ɗakin ajiya. D kuwa na layin ƙarƙashi ne. Ga gida a bakin teku, A ko B. Kuma a nemi wanda aka sake daidaita gefensa da gindinsa a inji, in ba haka ba kafinta zai wuni da wuƙa yana gyara gefe.

Hajiya_Injiniya
Bari in sa lissafi a ciki, domin ana yawan cewa jan "ya fi ƙarko" kamar itace biyu ne da ba su haɗa komai ba. 'Yan gida ɗaya ne, dukansu Thuja. A teburin Forest Products Laboratory, cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison, zuciyar jan da ta farin suna aji ɗaya wajen jure ruɓa. Wajen tsukewa ma, daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, jan yana tsukewa kashi 2.4 cikin ɗari a yankan tsaye, kashi 5.0 a yankan kwance. Farin kuma 2.2 da 4.9. Kun ga ai farin ma ya ɗan fi natsuwa in yanka iri ɗaya aka gwada. Bambancin da Malam Gwani ke gani a bango ba daga jinsin itacen ya fito ba, daga yadda aka yanka shi ne.

Ga yadda abin yake a aikace. Shingil mai faɗin inci 8, danshinsa ya sauka daga kashi 19 zuwa 9 tsakanin damina da tsakiyar bazara. Wannan kusan sulusin dukan tsukewarsa ke nan. In yankan kwance ne zai motsa kusan inci 1/8, in na tsaye ne kusan 1/16. Shi ya sa ake barin tazarar inci 1/8 zuwa 1/4 tsakanin shingil da ɗan'uwansa in busasshe ne, kuma shi ya sa duk farin shingil da ya wuce inci 8 faɗi gara a raba shi biyu kafin a kafa.

Abu na biyu: farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, a kowace bishiya, ba ya jure ruɓa. Ƙaramin gungume rabonsa na wannan ɓangaren ya fi yawa. To in farin sida ya ruɓe da wuri, a duba darajar da aka saya kafin a zargi jinsin.

Gwani_BC
Hajiya, na yarda da teburin, amma ba teburi ake saya a kasuwa ba, dami ake saya. Damin jan lamba 1 yankan tsaye ne tabbas. Damin fari ba mai ba ka wannan alkawari. Maganata ke nan.

Hajiya_Injiniya
Ba mu saɓa ba. Na ce dai a san abin da ake biya wa kuɗin.

Sabon_Almajiri
Gafara dai manya, tambaya ce ta mai koyo. Akwai wani katako ja mai ƙamshi sosai da ake sayarwa a manyan kantunan kayan gini, an rubuta jan sida a jiki, ana manna shi cikin kabad ɗin tufafi. Shi ne wannan da kuke magana?

Baba_Kafinta
A'a ɗana, kada ka kuskura. Wannan jan sida na gabas ne, Juniperus virginiana, wani itace ne daban. Ƙulli ne da shi ko'ina, gajere ne, aikinsa kabad da akwatin ajiye tufafi da turakun shinge. Na bango shi ne na yamma. Haka farin ma biyu ne: na arewa, Thuja occidentalis, shi ne wanda Malam Kafinta ke nufi, da kuma na fadamun gaɓar Atlantika irin na New Jersey, Chamaecyparis thyoides, wanda yanzu samunsa da yawa ya yi wuya. Kuma dukansu babu wanda yake al'ul na Labanon ko na duwatsun Atlas a Maroko, duk da sunan ya zo ɗaya a Turanci. In za ka yi oda, rubuta sunan kimiyyar a takarda.

Dan_Damagaram_Quebec
Mu koma kan aikin Malam Kafinta mu ƙirga dami. Farin inci 16, ana barin inci 5 a fili a kowane layi, wato abin da layin sama bai rufe ba, dami 4 ke rufe murabba'in ƙafa 100. To 1,800 dami 72 ke nan, a ƙara kashi 10 na yanke-yanke da layin farko da ake ninkawa, a sayi 80. Jan inci 18 in aka bar inci 7 a fili, dami 4 na rufe kusan 127, wato dami 57, da ƙari 63. A tsayin ƙafa 9, inci 108 ke nan, farin zai ci layi 22, jan layi 16. Layi shida na ƙari a kewaye gida gaba ɗaya ba wasa ba ne a kuɗin aiki. Amma ga ribar: inci 16 da aka bar 5 a fili yana nufin ko'ina a bangon katako uku ne bisa juna. Inci 18 da aka bar 7, wasu wuraren biyu ne kawai. A inda iska ke turo ruwan sama a kwance daga teku, wannan rufi na uku yana da amfani.

Gwani_BC
Babu wanda ya hana a jera jan a inci 5 da rabi, shi ma ya zama uku. Sai dai aljihu.

MaiFenti_Boston
Tunda launi ne ya kawo maganar, bari mai fenti ya sa baki. Kada a yaudari mai gida cewa in an kafa farin sida aka bar shi, shekara na zagayowa gidan zai koma toka sumul. Bangon kudu da na yamma, masu shan rana da ruwa, su ke fara canzawa. Ƙarƙashin indararo da inuwar baranda zai daɗe yana ruwan ɗorawa. Bangon arewa, musamman in akwai bishiyoyi kusa, funfuna ce za ta kama shi ya yi duhu. Tokan nan mai kyau na Nantucket rana ce da iskar gishiri da fili marar inuwa suka haɗu suka yi shi. A kai gidan cikin daji, farin ma baƙi zai yi.

Mafita ita ce a sayi shingil ɗin da aka tsoma a ma'aikata cikin rinin da ke da ɗan launin toka da sinadarin koɗar da katako. Kamfanoni irin su Maibec a Quebec suna sayar da farin a haka. Amfanin tsomi shi ne gaba da baya da gefe da gindi duk sun sha, abin da buroshi ba zai yi ba bayan an kafa. Launin ya fara bai ɗaya tun ranar farko, yanayi ya ƙarasa sauran.

In kuma wata rana aka ce fenti ake so, a nan jan yankan tsaye ya fi kowa riƙe fenti, amma da sharaɗi. Ruwan da ke cikinsa yana narkewa a ruwa, ya ratso fentin ruwa ya fito kamar an watsa wa bango shayi. Dole a fara da fentin shimfiɗa mai toshe wannan ruwan, na mai ya fi tabbas, a shafe fuska shida duka har bakin da zarto ya yanka, sannan a bi da shafi biyu na akirilik. Danshin katakon ya kasance ƙasa da kashi 15, a auna da na'ura, ba da tafin hannu ba. Kuma kada a kafa a bar shi a rana ana cewa "ya sha iska tukuna". Binciken da aka yi a Madison ya nuna 'yan makonni kaɗan a rana sun isa su lalata fuskar katakon yadda fenti ba zai kama da kyau ba. In ya riga ya sha rana, sai an bi shi da samfefa.

Kafinta_Moncton
Madalla. Mai fenti, in tabon ya riga ya fito fa, da me ake cire shi? Ana yawan tambaya.

MaiFenti_Boston
A fara gane wane tabo ne. Ɗiga ɗan bilic da aka sirka a wurin: in ya washe nan take, funfuna ce. In bai motsa ba, ruwan itacen ne ko tabon ƙarfe, maganinsu ruwan sinadarin okzalik, a shafa, a bari ya yi aiki, a ɗauraye sosai, da safar hannu da tabarau. Kada a haɗa bilic da wani abu mai amoniya. Kada a goge da buroshin ƙarfe ko soson ƙarfe, ɓurɓushin da ya maƙale zai zama ɗigo-ɗigon baƙi da ruwan farko. Injin wanki mai matsin ruwa kuwa yana yage fuskar sida domin itace ne mai taushi, kuma yana cusa ruwa ta ƙarƙashin layi. Tiyo da buroshi mai laushi sun isa. Tsumman da aka goge rinin mai da shi, musamman mai man linsid, kada a dunƙule a jefa a kwali, yana kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a nutsar a bokitin ruwa.

Baba_Kafinta
Duk wannan gardama, ƙusa ce ke kashe aikin sida fiye da jinsi. Ku saurara.

Gidan nan kusa da teku yake, to ƙusar sitenles lamba 316, mai zobe-zobe a jiki. Ƙa'idar Bureau ɗin da Gwani ya ambata ita ce duk abin da ke cikin mil 15 daga ruwan gishiri, kusan kilomita 24, 316 ake sa wa. In da nisa da teku ne, 304 ta isa, ko galbanayiz wadda aka tsoma a narkakken zinki. Wadda aka yi wa shafin lantarki siriri, irin da ke zuwa a bindigar ƙusa mai araha, ba ta aikin nan. Shafin zai ci, ƙarfen ya haɗu da ruwan itacen, kowace ƙusa ta zubo da baƙin hawaye a bango. Jan ya fi saurin nuna wannan, amma farin ma bai tsira ba. Ƙusar jan ƙarfe ma a bar ta, ba ta jituwa da sida.

Ƙusa biyu ga kowane shingil komai faɗinsa, inci 3/4 daga gefe, kusan inci 1 sama da inda gindin layi na gaba zai sauka, don ya rufe ta. Wanda ya buga uku ko huɗu a faffaɗan shingil ya hana shi motsi, sai ya tsage a tsakiya. Kan ƙusar ya zauna daidai da fuskar katako, kada ya nutse. A rage iskar bindiga a gwada a guntu kafin a fara. Tsagar da ke tsakanin shingil biyu ta kauce wa ta layin ƙasa da aƙalla inci 1 da rabi. Layin farko a ninka shi biyu, ya ɗan sauko ƙasa da filawud don ruwa ya ɗiga a waje, kuma tsakaninsa da ƙasa inci 6 aƙalla. Inda dusar ƙanƙara ke taruwa, a ƙara. Inda bango ya haɗu da rufin ɗaki, a bar inci 2.

Kuma a yi sandar awo tun farko, a raba layukan yadda gindin shingil zai faɗo daidai saman taga da ƙasanta. In ya kama a bar 4 da 7/8 maimakon 5, a bari. Ba mai gani, amma guntun shingil mai tsayin yatsa a ƙarƙashin taga kowa zai gani.

Hajiya_Injiniya
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. In ƙara abu ɗaya da ya fi ƙusa ma: abin da ke bayan shingil ɗin. Ruwa zai shiga baya, ko jan ne ko fari. Tambayar ita ce ta ina zai fita. In aka manna katakon kai tsaye a kan ledar da ake lulluɓe bango da ita don tare ruwa, bayan zai zauna a jiƙe, gaban ya bushe, lanƙwashewar da ake zargin farin da ita ta taso. Bayan haka ruwan sida yana iya rage wa wasu ledojin ƙarfin korar ruwa in suna manne da juna. A bar sarari. Yankin Vancouver ya koyi wannan da tsada a shekarun 1990, lokacin da dubban gidajen bene suka riƙa yoyo suna ruɓewa ta ciki har aka kafa kwamitin bincike na Barrett a 1998. Yawancin waɗancan ba katako ne a jikinsu ba, shafen siminti ne, amma darasin ɗaya ne, kuma daga baya dokar gini ta wajabta sararin milimita 10 a bayan lulluɓin bango a yankunan gaɓa masu yawan ruwa.

Ga shingil hanya biyu ce. Ko a shimfiɗa tabarmar roba mai saƙa-saƙa da aka yi don wannan aiki a kan leda ko takardar kwalta lamba 30, a ƙara tsayin ƙusa gwargwadon kaurinta. Ko a kafa batin, wato siraran katako, a tsaye bisa ginshiƙai, a gicciya wasu a kwance a kansu, tazararsu daidai da abin da za a bari a fili. Kuskuren da ake yi shi ne kafa na kwancen kai tsaye a bango: kowane ɗaya ya zama madatsar ruwa. A sa raga a bakin sararin sama da ƙasa saboda ƙwari, a sa kwanon tare ruwa a saman kowace taga da ƙofa, ledar ta hau bisa kwanon, ba ƙarƙashinsa ba.

Zango_Kumasi
Ina bin ku da sha'awa daga Gana. Mu nan akwai wanda ake kira sidirela, Cedrela odorata, ana shuka shi da yawa a gandun daji, yana da ƙamshi, launinsa ja-ja. Dangin naku ne? Kuma in mutum ya shigo da jan sida ya lulluɓe gida a Kumasi ko Kano, zai yi?

Gwani_BC
Ba dangi ba ne, Alhaji. Sidirela dangin maɗaci ne, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ƙamshin ne ya sa aka laƙaba masa sunan. Yana kyau a ƙofa da taga da kabad. Shigo da namu kuwa ban ba da shawara ba. Sida yana jure ruɓa, gara ma ba ta fi son shi ba, amma jurewa daban, gagara daban, kuma garar Afirka ta Yamma ba ta wasa. Ga zafin rana da hunturu mai busar da katako har ya tsage, sannan damina ta zo ta kumbura shi. Bangon bulo ma ba ya buƙatar wannan sutura. A nan gidan ne gaba ɗaya na katako, lulluɓin shi ne ke tare masa ruwa. In ado ake so a fuskar gida, loko yana kusa da ku.

Ummi_Kalifoniya
Ba wanda ya ambaci gobara. Na san New Brunswick ba Kalifoniya ba ce, amma Nova Scotia da ke maƙwabtaka ta ga wutar daji ta cinye gidaje a gefen Halifax a 2023. Ja da fari duka busasshen itace ne marar nauyi, siririn gindin shingil kuwa wurin kama garwashi ne. Tun gobarar tsaunukan Oakland ta 1991 mutanen nan suka san abin da rufin katako ke yi in iska na ɗauke da tartsatsi. A wannan fannin jan yana da ɗan fifiko, domin ana samun shingil ɗinsa da aka dafa da maganin hana kama wuta a ma'aikata, da tambarinsa. A tambayi kamfanin inshora kafin a yi oda, a kuma share ciyawa da itacen hura wuta daga gindin bango, aƙalla ƙafa 5.

MaiFenti_Boston
Gaskiya ne Hajiya Ummi, amma wanda aka dafa da maganin wuta ba kowane rini yake karɓa ba, sai an bi abin da masu dafawar suka rubuta. Kuma launinsa ba zai tafi yadda mai gidan nan ke buri ba.

Sabon_Almajiri
To me ya sa jan ya fi tsada haka a gabas? Nisa ne kawai?

Dan_Damagaram_Quebec
Nisa na ciki, daga gaɓar Pasifik zuwa ta Atlantika ya haura kilomita 5,000 a hanya. Amma babban dalili gungumen ne. Yankan tsaye marar ƙulli daga manyan tsofaffin bishiyoyi yake fitowa, masu ɗaruruwan shekaru, kuma su ne ake rigima a kansu. Zanga-zangar Fairy Creek a tsibirin Vancouver a 2021 a kan irin wannan dajin aka yi ta. Ga waɗanda ke Amurka kuma an taɓa ɗora kuɗin fito. A 1986 gwamnatin Reagan ta ɗora kashi 35 cikin ɗari a kan shingil ɗin jan sida na Kanada. Malam Kafinta dai wannan bai shafe shi ba, yana cikin gida, injinan yankan farin suna kusa da shi.

Gwani_BC
Tunda ɗalibi na nan, a gaya masa wannan: ƙurar jan sida tana jawo asma. Akwai wani sinadari a cikinta, filikatik asid, an daɗe da sanin yana kama ma'aikatan injin katako a British Columbia, wani lokaci tarin sai dare yake tasowa, mutum bai danganta shi da aikin rana ba. A yanka a waje, a sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ba ƙyalle ba. Ni mai goyon bayan jan ne, amma wannan aibinsa ne.

Kafinta_Moncton
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da zan kai wa mai gidan: farin daraja A wanda aka tsoma a rinin toka, inci 5 a fili, tabarmar sarari a baya, ƙusa 316. In ya dage a kan jan, lamba 1 inci 18, amma ya sa hannu cewa ya ji launin ba zai zo bai ɗaya ba sai an yi masa rini. Saura kusurwa: saƙa shingil ɗin zan yi ko in sa falankin kusurwa?

Baba_Kafinta
Saƙa ta fi kyan gani, amma kowane layi sai ka sauya wanda ya hau kan wani, ka fere da hannu, kuma farin yankan kwance yana son buɗe baki a nan in ya bushe. A gefen da ke fuskantar teku ni falanki zan ce.

Gwani_BC
To falankin kusurwar da na kewayen taga da wane itace za a yi su, Baba? Dogo, miƙaƙƙe, marar ƙulli, ƙafa 9 ba haɗi. Kun ga jan ya dawo ta taga.

Dan_Damagaram_Quebec
Ya dawo, amma a shafe shi fuska shida kafin ya hau, in ba haka ba ruwansa zai zubo a kan farin da ke gefensa ya ɓata tokan da aka sha wahala a kansa.

Hajiya_Injiniya
Malam Kafinta, ka kafa wa mai gidan allo biyu na gwaji, ƙafa 3 a kan 3, ɗaya ja ɗaya fari, a jingine su suna kallon kudu. Abin da ido ya gani ya fi bayani.

MaiFenti_Boston
Shawara ce mai kyau Hajiya, sai dai kafin allon ya nuna wani abu an yi wata shida, kuma sanyi na tafe. Yawancin rini da fentin shimfiɗa ba a shafa su in zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 na Salsiyos, ga raɓar safiya a bakin teku da ba ta bushewa sai hantsi. Ko shingil ɗin ya zo a tsome, bakin da aka yanka da falankin kusurwa sai an taɓa su a wurin aiki. Gara ya ɗauki mai gidan a mota su zaga unguwar, su tsaya gaban gidajen da suka shekara goma da shingil, su dubi bangon arewa, ba na gaba da aka gyara don baƙi ba.

Baba_Kafinta
Kuma in damin ya iso, kada a ajiye shi a ƙasa ko a naɗe shi ruf da leda. A ɗora a kan katako, a rufe sama kawai, gefe a buɗe, ya yi kwanaki yana shan iskar wurin kafin a fara kafawa.